Aikin afendis na kyamara a hannun ƙaramin likita: yadda ake koyar da shi da abin da ya shafi mara lafiya

A takardar da ake ba mutum ya sa hannu kafin a shiga da shi tiyata a asibitin koyarwa, galibi akwai wani layi da ke cewa likitoci masu neman ƙwarewa za su iya sa hannu a aikin. Da yawa ba sa ma lura da layin saboda ciwo ya riga ya sha kansu, waɗanda suka lura kuma sai gabansu ya faɗi, wai za a koyi aiki a kansu. Ana cikin haka kuma manyan hukumomin da ke horar da likitocin fiɗa suna ta canza yadda suke auna wanda ya iya da wanda bai iya ba. A Amurka, hukumar American Board of Surgery tun watan Yulin 2023 ta shigo da sabon tsari inda ake duba ko za a iya sakar wa mai koyo wasu ayyuka 18 ya yi da kansa, kuma kula da mai ciwon afendis na cikin waɗannan ayyukan. To tambayar da mutane ke yi ita ce, shin da can ba a aunawa ne, kuma mene ne tabbacin cewa yaron likitan nan da ke riƙe da kayan aiki ya san abin da yake yi?

Wane aiki ne, kuma wane ne ƙaramin likitan

Afendis wata ’yar jela ce da ke maƙale a farkon babban hanji, a ƙasan ciki ta hannun dama. In ta toshe ta kumbura, sai ciwo ya fara daga wajen cibiya ya gangaro dama, ga amai ga zazzaɓi, in an bar ta kuma tana iya fashewa ta watsa mugunya a ciki. Kusan mutum 7 zuwa 8 cikin 100 za su gamu da wannan a rayuwarsu, shi ya sa cire ta na cikin ayyukan gaggawa da aka fi yi a duniya.

Hanya biyu ake cire ta. Ta farko ita ce a yanka ciki ta dama a shiga da hannu, wannan ita ce tsohuwar hanya. Ta biyu, wadda likitoci ke kira lafaroskofi, ba a buɗe cikin, ana yin ƙananan huji ne galibi uku, faɗin kowanne tsakanin milimita 5 zuwa 12, a hura iskar kabon dayoksaid domin fatar ciki ta ɗaga a samu fili, a zura kyamara ta wajen cibiya, sauran biyun kuma a zura dogayen kayan aiki, likita na kallon sikirin yana aiki. Babban nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitanci, ta sabunta a 2018, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 85, ya nuna cewa masu aikin kyamara ba su cika samun ruɓewar wurin yanka ba kamar waɗanda aka buɗe, zafin ya fi sauƙi, manya na riga komawa gida da kusan kwana ɗaya. Amma kuma a manyan an ga taruwar mugunya a cikin ciki ta ɗan fi yawa bayan aikin kyamara. Wato kowace hanya da nata.

Shi kuma wanda ake ce wa ƙaramin likita, ba ɗalibin makarantar likitanci ba ne, nan ne mutane suka fi ruɗewa. Cikakken likita ne da ya gama karatu ya samu lasisi, sannan ya shiga horon zama likitan fiɗa, wanda ke ɗaukar shekara 5 a Amurka, a Birtaniya ma ya fi haka. Wanda yake shekarar farko da wanda yake shekarar ƙarshe duk sunansu ɗaya a bakin jama’a, alhali na ƙarshen yana iya yiwuwa ya cire afendis fiye da yadda kwansaltan ɗinsa, wato babban likitan da ke sama da shi, ya cire a shekarun baya-bayan nan, tunda shi ne ke kwana a asibiti lokacin da ake kawo irin waɗannan marasa lafiya.

Yadda aka zo nan

Cire afendis tsohon aiki ne. Claudius Amyand ya yi shi a Landan tun 1735 a kan wani yaro ɗan shekara 11, sannan a 1894 Charles McBurney na New York ya bayyana irin yankan da har yau ake koyarwa. Tsarin horon da aka sani yanzu, inda matashin likita ke zama a asibiti shekara da shekaru yana hawa mataki-mataki, William Halsted ne ya kafa shi a asibitin Johns Hopkins a ƙarshen ƙarni na 19, kuma abin da aka riƙe daga wannan zamani shi ne ka ga an yi, ka yi da kanka, sannan ka koya wa na bayanka. Afendis ce kusan kullum aikin cikin farko da ake miƙa wa yaro wuƙa a kai.

Aikin kyamara kuma ba ma likitan fiɗar ciki ne ya fara shi ba, likitan mata ne, Kurt Semm na garin Kiel a Jamus, a shekarar 1980. Bai ji da daɗi ba a wajen abokan sana’a, har shugaban ƙungiyar likitocin fiɗa ta Jamus ya rubuta takarda yana neman a dakatar da shi. Abin bai karɓu ba sai da aka fara cire maɗaciya ta wannan hanya, Erich Mühe a Jamus a 1985, Philippe Mouret a Faransa a 1987, daga nan sai kowa ya ruga.

Wannan rugawar ce ta jawo darasin da ya canza koyarwa gaba ɗaya. A farkon shekarun 1990 manyan likitoci da suka shekara ashirin suna fiɗa sai su je kwas na ’yan kwanaki, su gwada a kan dabba, su dawo su fara yi wa mutane, sai ga raunin bututun maɗaciya ya ƙaru. Wani rahoto na gungun likitocin kudancin Amurka da ya fito a 1991 a kan marasa lafiya 1,518 ya nuna cewa a ayyuka 13 na farko na kowace tawaga raunin ya kai kashi 2.2 cikin ɗari, bayan nan ya sauko zuwa 0.1. Abin lura a nan, waɗannan ba yara ba ne, ƙwararru ne, abin da ya nuna cewa iya fiɗa da hannu bai ba mutum iya aikin kyamara ba, kuma hatsarin yana taruwa ne a ayyukan farko-farko. Duk tsarin koyarwar da aka gina daga baya ƙoƙari ne na kwashe wannan hatsarin farkon daga kan mara lafiya.

Abin da ke sa hannu ya rikice

Matsala ta farko ido ce. Sikirin shafaffe ne, ba ya nuna zurfi, sai mai koyo ya miƙa almakashi yana ganin ya kai ashe da saura, ko kuma ya wuce. Ta biyu, kayan aikin suna ratsawa ne ta hujin fatar ciki, hujin ya zama musu madogara, saboda haka in ka kai hannunka dama bakin abin hagu zai yi, in ka ɗaga shi kuma ya yi ƙasa, kamar mai koyon ja da mota baya yana kallon madubi. Ta uku, babu taɓawa. A buɗaɗɗen aiki yatsa na gaya wa likita nan tauri ne nan laushi, a nan kuwa sanda mai tsawon sama da santimita 30 ce tsakaninsa da hanji, kuma hanjin da ya kumbura ba ya jure ja.

Shi kansa aikin matakai ne, kuma ba wahalarsu ɗaya ba. Shigar farko tana cikin mafi hatsari, domin lokacin kyamara ba ta shiga ba tukuna, ana iya huda hanji ko babbar jijiyar jini, shi ya sa masu koyarwa da dama suka fi son a fara da hanyar Hasson inda ake ɗan buɗe wajen cibiya ana gani da ido maimakon a soka allura a makance. Sai a duba cikin gaba ɗaya, musamman a mata, tunda ciwon ma’ajiyar ƙwai ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa na iya kama da afendis. Sai a nemo ta, wani lokacin tana ɓoye bayan hanji, a raba ta da kitsen da ke ɗauke da jijiyar jininta a tsayar da jinin, a ɗaure gindinta da zare ko kilif ko stefila, a yanke, a saka a ’yar jaka a fitar don kada ta shafa wa hujin ƙwayoyin cuta. Gindin nan ne inda sababbi suka fi kuskure, in an bar guntu mai tsawo yana iya sake kumbura bayan watanni ko shekaru, mutum ya dawo da ciwon afendis alhali a takarda an cire.

Akwai kuma abin da ba ya cikin hannu kwata-kwata, wato sanin lokacin da za a tsaya a kira babba, ko a ajiye kyamara a buɗe cikin. Masu koyarwa da yawa sun fi jin tsoron yaron da hannunsa ya faɗa amma ba ya kira, a kan wanda yake a hankali amma ya san iyakarsa.

Kafin a taɓa mutum

Mafita ta farko da aka samu ita ce akwatin gwaji, shi ma Semm ɗin ya ƙera irin nasa a tsakiyar shekarun 1980. Akwati ne da huji da kyamara a ciki, mai koyo yana ɗaukar ƙananan abubuwa daga wannan ƙusa zuwa waccan, yana yanka da’ira a ƙyalle, yana ɗaure zare. A Amurka an mayar da wannan jarrabawa mai suna FLS, mai ayyukan hannu biyar, ta fara a 2004, kuma daga wajen 2009 ba a ba likitan fiɗa shaidar ƙwarewa sai ya ci ta. Sai kuma na’urar kwamfuta mai kwaikwayon cikin mutum. Wani gwaji da aka yi a jami’ar Yale aka buga a 2002, a kan likitoci masu koyo 16, ya nuna waɗanda suka yi atisaye a na’urar sun fi saurin aikin maɗaciya da kashi 29 cikin ɗari, kurakuran waɗanda ba su yi ba kuma sun ninka nasu kusan sau shida. Mutum 16 ba yawa ba ne, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun tafi a kan layi ɗaya.

A ɗakin tiyata kuma ba a miƙa aikin gaba ɗaya rana ɗaya. Yaro zai fara da riƙe kyamara, sai a ba shi saka huji na biyu da na uku, sai ɗaure gindi, a hankali har ya haɗa duka. Wani ma’auni da ake kira Zwisch ya kasa wannan gida huɗu: babba na yi yana bayani, yaro na yi babba na jan ragamar, yaro na jan ragamar babba na taimaka masa, sai na ƙarshe inda babba ke kallo kawai ba ya sa hannu sai in an buƙace shi. Aikin kyamara na da wata fa’ida a nan da buɗaɗɗe ba shi da ita, kowa a ɗakin abu ɗaya yake gani a sikirin, ana kuma iya naɗar bidiyon a zauna daga baya a duba inda aka kauce. A ƙaramin yankan McBurney sau da yawa mutum ɗaya ne kaɗai ke ganin ramin sosai.

Ƙirga aiki ko auna iyawa

Nan ne ake jayayya. Ɓangare ɗaya na ganin lamba ita ce abin dogaro, domin ita ba ta son kai. A Amurka ana buƙatar mai gama horo ya yi manyan ayyuka aƙalla 850, 40 daga ciki na afendis, a Birtaniya adadin afendis da ake sa ran gani a kundin mai gamawa 80 ne. Bincike da dama sun nuna hannu na fara daidaita a aikin afendis na kyamara bayan an yi kamar 20 zuwa 30. Hujjarsu ita ce sai mutum ya ga afendis iri-iri, mai ruɓa, mai fashewa, ta mai ƙiba, ta mai juna biyu, ta ƙaramin yaro, kafin a ce ya san ta, kuma wannan ba ya samuwa sai da yawa.

Ɗaya ɓangaren na cewa lamba ba ta faɗin wa ya yi aikin da gaske. Yaro na iya rubuta 40 a kundinsa alhali a 35 babba ne ke nuna masa kowane taku. Suna kafa hujja da wani bincike na 2013 da aka tambayi shugabannin shirye-shiryen ƙarin ƙwarewa a Arewacin Amurka game da waɗanda suka gama horon shekara biyar suka zo wajensu, inda suka ce kashi 30 cikin ɗari ba za su iya cire maɗaciya da kyamara su kaɗai ba. Wannan rahoto ya girgiza mutane, ko da yake ra’ayin shugabanni ne aka tattara ba gwajin hannu aka yi ba. Tsarin 2023 daga wannan tunanin ya fito, bayan aiki babba zai shigar a waya cewa yau wane mataki yaron ya kai, a tara irin wannan da yawa daga manya daban-daban kafin a ce an sakar masa.

Masu sukar sabon tsarin su ma ba su rasa abin cewa ba. Wani babban mai sassauci ne wani mai tsanani, wani kuma aiki ya yi masa yawa ya cika fom ɗin a gurguje. A aikace dai hukumomin ba su jefar da lamba ba, sun ɗora awon iyawa ne a kanta.

Me ya sa ma yaran yanzu ba sa samun hannu kamar na da? Awannin aiki sun ragu, Amurka ta ƙayyade awa 80 a mako a 2003, Birtaniya ta sauko zuwa 48 a 2009 a ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai, kuma an yi hakan ne don likitan da bai yi barci ba hatsari ne. Ga tsoron shari’a, ga matsin a gama jerin tiyata da wuri, duk suna sa babba ya karɓe kayan aikin da zarar yaro ya ɗan tsaya.

Shin mara lafiya na cutuwa

Abin da kusan duk bincike ya yarda da shi shi ne aikin na ɗan daɗewa in mai koyo ne ke yi. Game da matsaloli bayan aiki, yawancin nazarce-nazarce ba su ga bambanci mai nauyi ba matuƙar akwai babba a kai. Wasu manyan alƙaluma daga Amurka sun nuna ɗan ƙarin matsala a inda masu koyo suka shiga, amma fassara su na da wuya, domin asibitocin koyarwa su ne ake turo wa masu ciwo mai tsanani tun farko. Ta ɗaya gefen ma akwai irin wannan tarko, babba kan karɓi afendis ɗin da ta fashe ya bar wa yaro mai sauƙi, sai sakamakon yaron ya fito fes a takarda. Nazarin da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ya nuna ayyukan da masu koyo ke yi ba tare da babba ya sa hannu ba sun ragu sosai tun daga 2004, kuma a ayyukan da aka zaɓa aka sakar musu ba a ga ƙarin mace-mace ba.

Idan aka haɗa su, abin da ke fitowa shi ne hatsarin bai rataya a kan shekarun mai riƙe da kayan aiki ba kamar yadda ya rataya a kan abu biyu, an dace aikin da matakinsa ko ba a dace ba, kuma babban na kusa ko ba ya kusa. Kwansaltan da ke cikin ɗaki daban, wanda ke cikin asibiti daban, wanda ke gida ana nemansa a waya ƙarfe uku na dare shi ma daban. Sannan hana yara aiki gaba ɗaya bai kawar da hatsarin ba, ya tura shi ne zuwa ranar da suka gama horo, ranar da babu kowa a bayansu.

Abubuwa biyu da ke tafe

Na farko, buɗaɗɗen aiki ya fara zama baƙo. A ƙasashe masu arziki yawancin afendis da kyamara ake cirewa, har akwai masu gama horo da ’yan kaɗan kawai suka taɓa buɗewa. Matsalar ita ce lokacin da ake buƙatar buɗewa shi ne lokacin da abu ya ɓaci, jini ya ƙi tsayawa ko hanji ya manne, wato aiki mafi wuya ya faɗo a hanyar da likitan ya fi ƙarancin sabo da ita. A wuraren da kayan kyamara ke da tsada ko iskar gas da wutar lantarki ba su da tabbas kuma abin a juye yake, hannu ya ƙware a buɗewa amma babu inda za a koyi kyamarar. Hukumar da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa kan tiyata ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke buƙata, ga irin waɗannan samun wanda zai cire afendis ɗin lafiya ta kowace hanya shi ne a gaba.

Na biyu, maganin antibayotik. Gwajin APPAC na ƙasar Finlan da aka buga a 2015 ya nuna cikin masu afendis mara fashewa da aka ba magani kawai, kashi 27 cikin ɗari ne aka yi wa aiki a shekarar farko, bibiyar da aka yi daga baya kuma ta nuna ya kai 39 a shekara biyar. Gwajin CODA na Amurka a 2020, mai mutum 1,552, ya samu cewa kashi 29 na waɗanda aka ba magani an yi musu aiki a cikin kwana 90. In wannan hanya ta yaɗu, afendis masu sauƙi waɗanda a kansu ake koyo su ne za su ragu, masu wuyar su rage a tebur.

Ga wanda aka ce za a yi wa aiki

Mutum na da haƙƙin ya tambayi wa zai yi aikin, shekararsa ta nawa a horo, kuma babban likitan zai kasance a ɗakin ne ko a kira shi za a yi. Wannan ba rashin kunya ba ne, kuma likitan da ya san aikinsa zai amsa kai tsaye. Yana da kyau a tambaya ko akwai yiwuwar a fara da kyamara a ƙare da buɗewa, domin in hakan ta faru ba lallai kuskure aka yi ba, sau da yawa shi ne matakin da ya fi tsaro. Ana iya neman babba ya yi da kansa, amma a aikin gaggawa hakan na iya nufin jira, kuma ba kowane asibiti ke iya yin alkawarin takamaiman likita ba, a nan sai a auna jiran da halin da cikin yake ciki.

Bayan an koma gida, ko wa ya yi aikin, ɗan ciwon kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu daga iskar da aka hura yake kuma yana wucewa. Zazzaɓi, ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa, amai da ya ƙi tsayawa, kumburin ciki, ko mugunya daga wurin huji, musamman a mako na farko da na biyu, waɗannan na buƙatar a koma asibiti a ranar, kuma a tafi da takardar sallama domin a jikinta ake rubuta irin aikin da aka yi da abin da aka tarar a ciki.